Yadda Ake Haɗa wa Tantabara Gida da Katako



A cikin wani littafin aikin katako da ke ɗakin karatun makarantarmu akwai hoton wani ɗan akwati da mutanen Ingila suke kafawa a jikin itatuwan lambunsu domin tsuntsayen daji su shiga su yi sheƙa. Akwatin ɗan mitsitsi ne, ƙofarsa kuwa ɗan rami ne zagayayye, faɗinsa inci 1 ko inci 1 da kwata, gwargwadon girman tsuntsun da ake so ya shiga. Hoton ya ba ni sha'awa ƙwarai. Amma da na duba tsuntsayen da suke zuwa gidanmu sai na ga yawancinsu ba su da bukatar kafinta. Marai yakan saƙa tasa sheƙar ya rataye a reshe, kurciya 'yan tsinkaye kawai take jerawa, shamuwa kuwa ƙololuwar itace take nema. Tsuntsuwar da ta saba karɓar ɗaki daga hannun mutum a ƙasarmu ita ce tantabara, wadda tun kaka da kakanni ake rataye mata tsohuwar tukunya ko fasasshen tulu a jikin bango. Saboda haka ita na yi wa gida, kuma yadda ake yinsa nake so in bayyana muku.

Kafin in kai ga awo da yanka, bari in faɗa muku yadda na fara, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Gidan da na fara yi, wani tsohon akwatin katako ne na samu, na huda masa ƙofa, na buga masa guntun kwano a kai, na kafe shi a bangon da ke fuskantar yamma. Ɗaki guda ne tak. Na sayo tantabaru biyu, mace da namiji, da kuɗin da na tara lokacin hutu. Da sanyin hunturu suka yi ƙwai biyu, suka ƙyanƙyashe, ni kuwa har na fara lissafin riba. 'Yan shilar ba su cika sati uku ba sai uwar ta sake yin wasu ƙwai biyu a gefensu, da yake ba ta da wani wurin. 'Yan shila suka yi ta tattaka ƙwan suna ɓata shi da kashi, ɗaya ya fashe, ɗaya ya yi bara-gurbi. Na ce ƙaddara ce. Da watan Afrilu ya kama suka sake ƙyanƙyashe wasu biyu. Ran nan na dawo daga makaranta da azahar, na hau tsani na leƙa, na tarar da su duka biyu sun mutu, bakinsu a buɗe. Kwanon nan kuwa ko taɓa shi ba ya yiwuwa don zafi.

Na kira kawuna, wanda ya daɗe yana kiwon tantabaru. Ya ɗaga kai ya dubi akwatin, ya dube ni, ya ce, "Kai ɗana, wannan ɗaki ka gina musu ko tanderu?" Na ce, "Kawu, ai don kada ruwa ya taɓa su ne na sa kwano." Ya ce, "Ruwan da sai nan da wata biyu zai sauka ka tsare, ranar da ke dukansu kullum ka bar mata su. Sauke shi mu sake." Abin da zan kawo a ƙasa, rabi daga bakinsa na ji, rabi kuma daga malaminmu na aikin katako.

Abu na farko da ya kamata mai yin wannan aiki ya sani shi ne halin tsuntsuwar, don shi ne yake yanke girman gidan da fasalinsa. Tantabara ƙwai biyu take yi, takan tsallake kwana ɗaya tsakanin na fari da na biyu. Kwancin yakan ɗauki kwana 18, ko ya ragu da ɗaya ko ya ƙaru da ɗaya. Mace da namiji karɓa-karɓa suke yi: namiji yakan kwanta daga hantsi zuwa la'asar, mace ta karɓa ta kwana a kai har wani hantsin. 'Yan shila sukan fito ido rufe, jikinsu da ɗan gashi rawaya. A kwanakin farko ba hatsi suke ci ba, wani abu ne mai kauri kamar kindirmo da ke fitowa daga jakar abincin da ke wuyan iyayen, kuma uban ma yana yinsa kamar yadda uwar take yi. Ba sa barin sheƙa sai sun yi sati huɗu ko biyar. To, ga inda gizo yake saƙa: uwar ba ta jira su tashi. Suna da sati biyu zuwa uku za ta nemi wurin sabon ƙwai, ta bar wa uban yawancin aikin ciyar da na farko. Watau a kowane lokaci iyali biyu ne a gidan, manya a ɗaki ɗaya, ƙwai a ɗayan. Wanda ya yi wa tantabaru biyu ɗaki guda, ya sa su cikin halin da na sa nawa. Dalilin da ya sa gidan da za mu haɗa yake da ɗaki biyu ke nan.

Kayan aikin ba su da yawa: zarto, guduma, tef na awo, sukwaya, fensir, kurfi, samfefa, da abin huda katako in akwai. Sai ƙusoshi masu inci 2 da rabi, da 'yan ƙanana na buga kwano. Katakon da ake bukata shi ne irin falankin nan mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12. Jan katako ya fi jure ruwa da gara, farin katako ya fi arha da sauƙin yanka. Ko wanne ka samu ka tabbata busasshe ne, domin ɗanye yakan karkace bayan an gama aiki ya bar kafofi. Tsohon katako ma yana yi, muddin ba wanda aka ajiye maganin ƙwari ko taki na zamani a kansa ba ne.

Ga yadda za ka yanka. Uku masu tsawon inci 27, watau na daɓe da na baya da na gaba. Biyu masu inci 33 na rufi. Ɗaya mai inci 27 wanda za ka tsaga biyu a tsawonsa, rabi ya zama baranda inda za su riƙa sauka. Sai bangaye uku na tsaye, biyu na gefe da ɗaya na tsakiya, kowanne tsayinsa inci 14 ta gaba, inci 12 ta baya, don rufin ya gangara. In ka tara duka za ka sami inci 214. Falanki ɗaya inci 144 ne, saboda haka biyu za ka saya, ragowar kuma kada ka yar, akwai aikin da za su yi. Amma fa ka auna faɗin falankinka tukuna. Sau da yawa wanda ake kira mai inci 12 ba ya cika, in kuwa bai cika ba sai ka rage sauran awon su dace da shi.

Akwai dabara wajen fitar da bangayen nan masu gangara. Ka yanki katako mai inci 26. Daga kai ɗaya ka auna inci 12 a wannan gefe ka yi alama, daga wannan kan dai ka auna inci 14 a wancan gefe ka yi alama, ka ja layi ya haɗa alamun biyu. Yanka ɗaya a kan layin nan zai ba ka bango biyu iri ɗaya, ba asarar ko inci guda. Na ukun sai ka ɗora ɗaya daga cikinsu a kan katako ka zana. Malaminmu kullum yana cewa a auna sau biyu kafin a ɗora zarto, kuma a yanka a gefen layin ta wajen da za a yar, don zarto kansa yana cin katako. Ni na raina wannan magana har sai da bangon tsakiyata ya gajarce na sake wani.

Ƙofofi a jikin katakon gaba ake fitar da su, kuma ba sai an yi ramin nan zagayayye mai wuyar yi ba. Daga bakin katakon na sama ka zana ƙofa mai faɗin inci 5, zurfin inci 8, ɗaya ga kowane ɗaki, ka nisanta su da juna, wannan can wajen dama, wannan can wajen hagu. Ka saukar da zarto sau biyu, ka cire tsakiyar da kurfi, ka goge bakin da samfefa don kada sartse ya ji musu. Abin da ya rage a ƙasa inci 4 ne. Inci 1 zai rufe kaurin daɓe, inci 3 ya zama dokin ƙofa, wanda shi ne zai hana ƙwai gangarowa da 'yan shila faɗowa.

Yanzu sai haɗawa. Ka tsayar da bangayen uku a kan daɓe, dogon ɓangarensu duk yana duban gaba, biyu a bakin gefe, ɗaya a tsakiya cif, ka bugo ƙusa daga ƙasa. Kowane ɗaki zai tashi inci 12 faɗi, inci 12 zurfi, wanda ya ishi uwa da 'ya'yanta biyu su juya. A nan kana bukatar wanda zai riƙe maka, ƙane ko aboki. In ƙusa za ta shiga kusa da bakin katako, ka ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe kafin ka buga; ƙusa mai kaifin tsini ita ce ke tsaga katako. Sa'an nan ka buga na baya, ya rufe bakin daɓen, kana na gaba haka nan. Za ka ga an sami rata a sama, inci 1 ta baya, inci 3 ta gaba. Ta gaban ka tsago siririn katako mai faɗin inci 2 ka ɗora a kan na ƙofofin, shi zai zama kan ƙofa, ratar ta koma inci 1. Waɗannan ratoci biyu kada ka toshe su da sunan gyara. Iska mai zafi sama take tashi, ta nan za ta riƙa fita. A kusurwoyin daɓen kuma ka huda 'yan ramuka, ko ruwa ya shiga ya sami hanyar zurarewa.

Barandar za ka kafa ta daidai da dokin ƙofa, ka tallafe ta daga ƙasa da guntaye biyu masu kusurwa uku. A tsakiyarta ka tsayar da ɗan katako kamar inci 6, ya raba ta biyu. Amfaninsa shi ne, 'yan shila in sun fara tafiya sukan bi iyayensu da kuka suna neman abinci, in ba shamaki sai su tsallaka ɗayan ɗakin su tashi uwar daga kan ƙwai.

Rufi shi ne wurin da na yi asara, saboda haka zan ɗan daɗe a kansa. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwanon da rana ke duka. Babbar tantabara in ta ji zafi sai ta tashi ta nemi inuwa da ruwa, ɗan shila kuwa ba inda za shi. Ba cewa nake kada a sa kwano ba, amma kada ya zama shi kaɗai. Ka jera katakan nan biyu masu inci 33 gefe da gefe, su ba da faɗin inci 24. Ka haɗe su ta ƙasa da guntaye biyu masu tsawon inci 10, ka sa su a inda za su faɗa cikin ɗakunan su jingina da bangayen gefe, yadda rufin zai zauna kamar murfin tukunya, ba ya zamewa amma ana iya ɗage shi ran shara. Ya zarce inci 3 ta kowane gefe, inci 3 ta baya, inci 7 ta gaba, ya yi wa baranda inuwa. A kan katakon ne za ka buga kwano don ruwa, a kan kwanon kuma ka shimfiɗa bunu ko tsohuwar zana ka ɗaure. Katako a ƙasa, kwano a tsakiya, ciyawa a sama. Ka ɗaure rufin da waya a jikin gidan, domin iskar farkon damina ba ta da wasa. Fenti in za ka yi, fari ya fi, kuma a waje kawai. Ciki a bar shi yadda yake.

Wajen da ƙofa za ta duba, magina na gargajiya sun riga sun ba mu amsa. Duk wanda ya lura da gidajen ƙasa ya san bangon gabas ne ruwa ya fi ci, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ranar yamma kuma ita ce mai zafi. Saura kudu, can za ka juya ƙofofin.

Sai maganar abokan gaba, waɗanda suke da yawa: kyanwa, ɓera, gafiya, maciji, da shaho daga sama. Jikin bango ya fi sauƙin kafawa, amma kyanwa kan katanga take yawo. Abin da ya fi shi ne a kafa ginshiƙi biyu a fili a cikin lambu, gidan ya zauna a kansu kamar ƙafa 8 daga ƙasa, nesa da katanga ko reshen da kyanwa za ta iya tsalle daga kai. Azara ta fi kowane itace dacewa da wannan, da yake gara ba ta cika cin giginya ba. In ba ta samu ba, ka shafa baƙin mai a gindin itacen da za ka binne. Kowane ginshiƙi ka naɗe tsakiyarsa da kwano mai santsi na tsawon ƙafa 2, farce ba ya kama shi. Na sani fili ba shi da inuwa, to shi ya sa muka wahala a kan rufin.

A cikin kowane ɗaki ka ajiye ɗan kasko, ka zuba yashi kaɗan da busasshiyar ciyawa. Tantabara ba gwanar sheƙa ba ce, in ka bar ta tsinke goma ma ya ishe ta. Ɗan shilan da ya tashi a kan katako mai santsi kuwa ƙafafunsa sukan wage gefe da gefe, ba kuma zai ƙara tsayuwa daidai ba. Kawuna yakan haɗa da busasshen ganyen dalbejiya saboda ƙuma.

In gida ya kammala, kada ka kawo tantabaru ka sake su nan take, domin za su koma inda suka fito, kuɗinka ya bi iska. Sanin hanyar gida halinsu ne. A shekarar 1850 Paul Julius Reuter, wanda ya kafa kamfanin dillancin labarai na Reuters, da tantabaru yake aika farashin kasuwa tsakanin Brussels ta Beljiyam da Aachen ta Jamus, tafiyar fiye da mil 70, saboda wayar tangaraho ba ta haɗe garuruwan biyu ba tukuna. Tsuntsun da ya yi wannan, ƙetare unguwa biyu ba komai ba ne a wurinsa. Wasu sukan fige musu gashin fiffike, ni dai ban so haka ba, don tantabarar da ba ta iya tashi ta zama abincin kyanwa. Gara ka kewaye barandar da ragar waya na sati biyu ko uku, kana ba su abinci da ruwa a ciki, suna kallon unguwa ta cikin ragar. Ranar da za ka buɗe ka bari sai da yamma, kafin su ci abinci, yunwa da duhu za su komo da su. Matasa waɗanda ba su taɓa yin ƙwai a wani gida ba sun fi saurin sabo, sai dai ka yi haƙuri, sai sun kai wata shida ko kusa da haka za su fara.

Abincinsu dawa ne da gero da masara, a haɗa da ɗan wake, musamman lokacin da suke ciyar da 'ya'ya. Suna bukatar 'yar tsakuwa da za ta taya ƙundunsu niƙa. Ruwan sha a sa shi a mazubi mai ɗan zurfi, don tantabara ba ta sha irin na kaza, tana ɗiba tana ɗaga kai. Tsoma baki take yi ta zuƙa. A sauya ruwan kowace safiya.

Duk lokacin da 'yan shila suka bar ɗaki, ka ɗage rufin ka kankare daɓen, ka wanke kaskon ka shanya a rana. Ka yayyafa ruwa kafin ka fara, ka kuma rufe hanci da ƙyalle, domin ƙurar busasshen kashin tsuntsu tana cutar da huhu. Kashin kansa kada ka zubar. A Isfahan ta ƙasar Iran har yanzu akwai tsofaffin hasumiyoyi da aka gina wa dubban tantabaru, ba don nama ba, don takin da manoman kankana suke kwasa. Sai dai yana da zafi, in ka zuba shi ɗanye a gindin tumatir zai ƙone shi. Ka haɗa shi da ganye da ƙasa a rami, kana ɗan jiƙawa, ya yi wata biyu ko uku tukuna.

Wata magana kuma ga iyayenmu. Baba bai yarda da kiwon nan da farko ba, yana cewa tantabara tana jawo faɗa da maƙwabta, kuma gaskiyarsa, don takan sauka a kan shanyar hatsin mutane. Sharaɗin da ya gindaya mini biyu ne: in ciyar da su su ƙoshi safe da yamma, kuma kada su wuce adadin ɗakunan da na gina. Shi ya sa duk 'yan shilar da suka isa, ko dai a kai kasuwa ko su shiga tukunyar Inna. Biyu na farko da suka tashi a sabon gidan, kakata aka dafa wa. Ragowar katakon nan kuma yana nan jingine a zaure, in na ƙara falanki ɗaya da ɗan guntu zai ishe ni gida na biyu a hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu.